Yadda Ake Renon Shukar Gizo-gizo a Ɗaki a Potiskum

A Potiskum da ke Jihar Yobe, zafin bazara da iskar hunturu kan ƙona furannin ado. Sai dai shukar gizo-gizo, wadda masana ke kira Chlorophytum comosum, tana jurewa a cikin ɗaki, domin saiwoyinta masu kauri suna adana ruwa.

Tana son haske amma ba ta son rana kai tsaye. Ba a ba ta ruwa sai saman ƙasar tukunyar ya bushe, domin yawan ruwa yana ruɓar da saiwa.

Yaɗa ta kuwa ba ya cin ko kwabo. Ana yanke ɗaya daga cikin 'ya'yan da ke reto a ƙarshen rassanta, a tsoma gindinsa cikin ruwa. Da zarar saiwa ta fito, sai a dasa shi a tukunya mai huji a ƙasa.