Samari da yayin tufafi: ado gwargwadon aljihu

Duk wanda ya ratsa titunan Yamai, Maraɗi ko Damagaram da marece zai ga wando mai faɗin ƙafa ya dawo. Iyayen samarin nan sun sa irinsa a shekarun 1970, suka yar. Yau ga shi jikin ƴaƴansu, tare da ƙatuwar riga, hular hana-salla da takalmin basket. Daga titunan Amurka yayin ya taso, wayar salula ta kawo shi har gida.

Sai dai takalmin Nike na ainihi ya fi ƙarfin ɗan lakwal, mai arahar kuwa sau da yawa jabu ne, damina guda ke ɓalle tafinsa. Abin takaici, wasu har bashi suke ci dominsa.

Masu dabara bosho suke nufa. Ranar da aka kwance dila a kasuwar Wadata, mai sammako ke zaɓen na kirki. A duba ɗinki da hammata, a ɗaga tufa a rana ko da huji, kana a yi ciniki. Wando in ya yi yawa, telan unguwa ya rage ƙugu, ya bar ƙafa yadda take. Rigar da ta koɗe a kai ta marina. Wani ma yakan sa a ɗinka masa ƙyallen saƙi bisa aljihu, ya haɗa da takalmin dukawan Damagaram; da wuya ya gamu da mai irin shigarsa.

Rigar sanyi mai hula kuwa ta jira hunturu: a watan Afrilu zafin Yamai yakan wuce digiri 40.