Daddawar Labari

Duk wanda ya taɓa giftawa ta gidan da ake yin daddawa ya san irin warin da kalwa ke yi bayan an dafa ta an rufe ta kwanaki. Sai ka toshe hanci. Amma a kaɗa miyar kuka babu ita, maigida zai yi loma biyu ya tsame hannu ya ce yau miya ta yi lami.

Mugun mutum a cikin labari shi ne daddawar nan. Ɗauki *Alhaki Kuykuyo Ne* na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda ya auro Delu. Ba mai karatun da ke ƙaunarsa, amma rashin mutuncinsa ne ke sa ka kasa ajiye littafin, kana jiran ranar da alhaki zai cim masa. Sai dai ita Balaraba ta yi sa'a: sai da ta sauke tukunya kafin kowa ya ɗanɗana.

Marubuciyar yau da ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad ba ta samu wannan sararin ba. Girki take yi jama'a na tsaye a kanta a madafa, kowa da ludayinsa. Miya ko tafasa ba ta yi ba, wata ta ɗanɗana ta yamutsa fuska: "Anti, don girman Allah ki kashe mana kishiyar nan, ta ishe mu." Wata kuma: "Wallahi in kika bari ya auri ƙawarta na daina karantawa." Ba za ta daina ba, gobe ita ce ta farkon tambayar ina ci gaba.

Abin ba yau ya fara ba. Lokacin da Charles Dickens ke fitar da *The Old Curiosity Shop* mako-mako a Ingila, tsakanin 1840 da 1841, masu karatu sun yi ta aika masa wasiƙu suna roƙon kada yarinyar nan Nell ta mutu. Ya ji roƙonsu, ya kuma kashe ta.

Ni ban ga laifin mai ƙorafi ba, ai haushin da yake ji shaida ce labarin ya kama shi. Wadda nake tausayi ita ce marubuciyar da kunnenta ya yi laushi. An matsa mata, sai kawai ta sa kishiya ta tuba dare ɗaya, ta durƙusa tana kuka tana neman gafara, uwar miji ma ta shiryu, gida ya yi tsit. Masu karatu su yi ta sa mata albarka kwana biyu, daga nan su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, don babu sauran wanda za su yi wa Allah ya isa. Kafin mako ya zagayo, sai ka ga ta ƙirƙiro wata ƙanwar miji da ba a taɓa ambata ba, ta sauko daga Abuja da akwatinta, ta zo zama.