Idan An Tauye Wa Ɗanki Mai Lalura Haƙƙinsa A Makaranta, Ina Za Ki Kai Kuka?

Daga Daura zuwa Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure, akwai iyaye mata da yawa da Allah Ya ba amanar yaro kurma, ko makaho, ko gurgu, ko mai jinkirin fahimta. Da yawansu idan makaranta ta juya wa yaron baya sai su ce ƙaddara ce, su mayar da shi gida. Daga nan wani yaron sai bara. Lalurar ce ƙaddara, 'yar uwa. Hana shi karatu kuwa aikin mutum ne, kuma ana gyara shi. Ki tuna Suratu Abasa ta sauka ne a kan makahon sahabi Abdullahi ɗan Ummu Maktum da ya zo neman ilimi.

Koke-koken iyaye galibi huɗu ne: an ƙi ɗaukar yaro, an ce a kai shi makarantar kurame ta Malumfashi ko ta makafi da ke Katsina alhali ƙarami ne, an ɗauke shi amma an ajiye shi a bayan aji ba mai kula, duka da tsangwama da kiransa da sunan lalurarsa, sai kuma aji ko banɗaki da keken guragu ba ya shiga.

Doka tana bayanki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta ga kowane yaro. A watan Janairun 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar tarayya ta hana wariya ga naƙasassu. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna musu wariya.

To amma kada ki fara da kotu. Ki fara shawara da maigida, ku je wurin malamin aji, sannan hedimasta, cikin lalama. Sau da yawa rashin sani ne ya fi mugunta yawa, kuma matso da yaro benci na gaba kaɗai kan warware matsala. Ku tafi da takardar asibiti, ki kuma riƙa rubuta ranar da abu ya faru da abin da aka faɗa.

Idan ba a dace ba, sai sulhu. Kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, yana da kujerar mata, kuma mai unguwa ko dagaci kan zauna a ciki. Ki nemi a rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu, domin magana zarar bunu ce.

Mataki na uku shi ne koke a rubuce zuwa ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumarku, daga nan hukumar SUBEB a Katsina. Ki ajiye kwafi a hannunki. Idan an yi shiru, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, wadda ba ta karɓar ko sisi, sai dai kada ki bari a wuce wata 12 da faruwar abin. Akwai kuma Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa da aka kafa a 2020. Kotu ce matakin ƙarshe.

Idan kuwa duka ne da ya kai ga rauni, ko cin zarafin 'ya mace, wannan ba na sulhu ba ne. A garzaya asibiti, a sanar da 'yan sanda.

Kada kunya ta sa ki yi shiru, uwargida. Yaron da ba ya iya faɗin abin da ke damunsa ba shi da bakin da ya wuce naki. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke amana, amin.