Wuƙa Mai Ƙota Biyu: Amsa Ga Wani Uba Daga Makoɗa

Takardar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙaramar hukumar Makoɗa, wanda kuma yakan taɓa kasuwancin hatsi ran Lahadi a kasuwar Ɗambatta. Ya ce ɗansa mai shekara 15 ya ɗora ido a kan wasu hotuna masu motsi a waya, inda samari ke jujjuya wata irin wuƙa mai ƙota biyu a tsakanin yatsunsu. Yanzu yaron ya koma kwaikwayonsu da wuƙar gida, har ya yanke ɗan yatsa. Shi ne yake tambaya: wace irin wuƙa ce wannan, su wa suka ƙago wasan, kuma shin magani suke sha kamar 'yan tauri?

To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah kuma ya ba yaro lafiya. Bari mu ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Sunan wuƙar nan balisong, kuma an fi saninta da ƙasar Filifin, wata ƙasa ta tsibirai sama da 7,000 a can gabashin duniya. A lardin Batangas, kudu da Manila babban birnin ƙasar, akwai wani gari Taal, cikinsa kuma da wata unguwar maƙera mai suna Balisong. Mutanen wurin sun ce tun wajen shekarar 1905 ake ƙera ta a can. Maƙeransu kan yi ruwan wuƙar da tsohon ƙarfen mota, irin su sifirin, kamar dai yadda namu maƙeran ke yi, ƙotar kuma su yi mata ado da ƙahon ɓauna ko itace ko tagulla. Turawa kuwa sun sa mata sunan malam-buɗe-littafi, don ƙotocin nan biyu suna buɗewa suna rufewa tamkar fukafukansa. Sojojin Amurka da suka yi yaƙin duniya na biyu a can sun koma gida da ita bayan 1945, daga baya finafinai suka ƙara yayata ta.

Ga yadda take. Ita ba ta da kube. An raba ƙotarta gida biyu, kowane ɓari an kafe shi da ƙusa a gindin ruwan wuƙar yadda zai iya juyawa. In an rufe, ɓarin biyu sai su haɗu su haɗiye ruwan gaba ɗaya. In an buɗe, sai su zagayo baya su haɗu su zama mariƙi. Amfaninta na asali shi ne mai aiki ya iya buɗe ta da hannu ɗaya in ɗayan yana riƙe da wani abu. Watau kayan aiki ce da kare kai tun farko, wasan daga baya ya samo asali.

Masu wasan suna da ƙa'ida ta farko da kowane ɗan koyo zai sani. Ɓari ɗaya na ƙotar yana rufe bayan wuƙar, ɗayan kuma yana rufe kaifin. In ka riƙe na farkon, ko wuƙar ta juyo kan yatsunka, bayanta ne zai buge ka. In ka riƙe na biyun, kaifi ne zai sauka a kansu, shi ya sa suke kiransa ƙota mai cizo. Duk juyin nan da ake yi da sauri, mai yinsa yana sane da ɓarin da ke hannunsa.

Maganar ƙago sabon salo kuwa, ba daga sama yake faɗowa ba. Akwai 'yan juyi na tushe: buɗewa da rufewa, zagaya wuƙar a kan babban yatsa, wucewa da ita tsakanin yatsu, da jefa ta sama a caɓe. Mutum zai ɗauki biyu ko uku ya sarƙa su ta hanyar da ba a saba ba, ya yi ta maimaitawa har ta zauna masa, sa'an nan ya ɗauki hoton kansa, ya raɗa wa salon suna, ya sa a intanet. Wani a wata ƙasa ya gani, ya koya, ya ɗora nasa a kai. Ta haka abin yake yaɗuwa a YouTube da TikTok har ya iso wayar ɗanka a Makoɗa.

In an duba, mu ma ai wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Dattawa sun san 'yan hoto, manoman nan da ke cilla garma sama su caɓe ana yi musu kiɗa. Ga 'yan tauri masu goga wuƙa a jiki a bainar jama'a. Su ma kowa yana da salonsa da aka san shi da shi, yaro kuma a wurin ubangidansa yake ɗauka. Bambancin shi ne, a da ɗan koyo yana gaban babba, wanda zai ce masa bai isa taɓa kaza ba tukuna. Ita waya ba ta tsawatarwa.

Sai batun magani. Malam, waɗannan samari ba su shan komai, su da kansu ma ba su ce suna sha ba. Asirinsu biyu ne, kuma duka biyun ba a cika ganinsu a hoton ba. Na farko, yawancinsu da dakusasshiyar wuƙa suke koyo. Ana ƙera ta musamman don haka, nauyinta da siffarta kamar ta gaske, amma ba kaifi ba tsini, wata ma matsefi aka sa mata a madadin ruwa. Wanda bai samu ba yakan naɗe kaifin da salatif. Na biyu, hoton daƙiƙa 20 da yaro ke kallo, bayansa akwai watanni na faɗuwar wuƙa da sake ɗauka, ba wanda ke nuna wannan. Lokacin da muke makarantar horon malamai, abin da aka fara cusa mana shi ne a bi da yaro daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ɗanka ya fara ne daga ƙarshe, da wuƙar yanka, wadda ma ba don juyi aka ƙera ta ba.

Abin da ya sa na ce kada a ɗauki wannan da wasa shi ne hannu. Jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu suna kusa da fata ƙwarai. In wuƙa ta tsinka ɗaya, ba ta haɗewa da kanta, sai likita ya ɗinke, in kuwa aka yi jinkiri yatsan na iya sandarewa ke nan. A ƙasarmu ta arewacin Kano, inda gonaki ke manne da juna, ba a barin saura, kowace shekara sai an kai taki an noma, hannun saurayi shi ne jarin gida. Yatsa ɗaya ya mutu, riƙon fartanya da lauje ya zama wahala har tsufa. Saboda haka, ka sa yaron ya lanƙwasa yatsan ya miƙe a gabanka. In ya kasa, ko ya ce ba ya jin taɓi a kansa, ku tafi asibiti yau, kada a jira ranar kasuwa. Ko da yana motsi, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a ɗaure da tsumma mai tsabta. Kada a zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai. A kuma tambayi ma'aikacin lafiya allurar rigakafin ciwon nan mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora.

Har ila yau akwai hukuma. Birtaniya ta hana sayar da irin wannan wuƙa da shigo da ita tun 1989, Jamus kuma ta hana mallakarta a 2003. A nan Kano kowa ya san irin ɓarnar da faɗan daba da ƙwacen waya suka jawo, har a shekarar 2023 rundunar 'yan sandan jiha ta yi kira ga 'yan daba su miƙa makamansu, da dama kuma suka miƙa. Saurayin da aka tare a hanyar kasuwa da wuƙa a aljihu, in ya ce ta wasa ce, da wuya a saurare shi, sai uba ya sayar da buhun gero yana zarya.

Shawarata, Malam, kada ka tsaya a duka da ƙwace waya kawai, don zai koma yi a ɓoye, nan kuwa haɗarin ya fi yawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka zaunar da shi ka gaya masa abin da hoton ya ɓoye. Ka kafa masa doka: ba wasa da abu mai kaifi, ba fita da wuƙa waje. In sha'awar juyin ce ta kama shi, kafinta zai iya haɗa masa 'yan katako uku da ƙusa, ya yi ta juyawa a tsakar gida. Yaron da hannunsa ke ƙaiƙayi haka kuma, ka gwada kai shi wurin maƙeri ko kafinta da rani, mai yiwuwa sana'arsa ce ke kiransa.