Noma domin bareyin daji a filayen farauta na Amurka

A ƙasar Amurka akwai mutanen da suke share gona, su zuba taki, su shuka wake ko alkama, alhali ba su da niyyar girbe ko tiya ɗaya. Namun daji suke noma wa. Waɗannan mutane mafarauta ne ko masu filayen farauta, kuma dabbar da suke yi wa wannan hidima ita ce barewa mai farar wutsiya, wadda ta fi kowace babbar dabbar daji yawa a gabashi da tsakiyar ƙasar. A wannan takarda za mu duba yadda ake kula da garken wannan dabba, da matsayin da gonar ke da shi a cikin aikin.

Kafin mu shiga ciki, ya kamata ɗalibi ya lura da kalmar. Dabbar da muke magana a kanta babu ita a ƙasar Hausa. Mun kira ta barewa ne don ita ce ta fi kusa da ita a siffa cikin dabbobin da muka sani, irin su gada da mazo da gwanki. Amma akwai bambanci babba. Ƙahon barewarmu ɗaya ne har ta mutu. Ita kuwa ta Amurka, namiji ne kaɗai ke da ƙaho, ƙahon nasa ƙashi ne mai rassa kamar itace, yana faɗuwa kowace shekara a ƙarshen lokacin sanyi, wani sabo ya tsiro. Wannan ƙaho shi ne abin alfaharin mafarauci, kuma kamar yadda za mu gani, son sa ya jawo matsala mai yawa.

Daga ƙaranci zuwa yawa

A wajen shekarar 1900 bareyin nan sun kusa ƙarewa. Ana sare dazuzzuka, ana harbe su ana kai naman kasuwannin birane, har abin da ya rage a duk ƙasar bai wuce rabin miliyan ba. A shekarar ne aka yi dokar Lacey, wadda ta hana a ƙetare iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 1937 kuma aka yi dokar Pittman da Robertson, wadda ta sa harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai ya riƙa tafiya ga jihohi domin aikin namun daji. Jihohi da yawa suka hana kashe mace. Jihar Fensilfaniya ta yi nata hanin tun 1907. Dabarar ta ci, ta ma wuce gona da iri: yau ana ƙiyasta yawansu a kimanin miliyan 30, kuma kowace shekara motoci suna karo da fiye da miliyan ɗaya a kan hanya.

Me ya sa suka yaɗu haka? Mace mai ƙoshin lafiya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 200, kuma yawanci tagwaye take haifa, a watan Mayu ko Yuni. Kyarketai da damisar dutse, waɗanda a da suke rage su, an riga an kawar da su daga yawancin gabashin ƙasar. Wani gandu a jihar Mishigan ya nuna abin a fili. A 1928 aka saki bareyi shida, maza biyu mata huɗu, a cikin gandun George, wani fili mai shinge da bai kai hekta 500 ba. Da aka ƙidaya su a 1933 sai aka tarar sun kai kimanin 160, sun kuma fara cinye ƙananan itatuwan wurin. Haka ya faru a tudun Kaibab na jihar Arizona da wani jinsin barewa. Bayan shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe wurin a 1906 aka hana farauta, aka kashe namun da ke cin su, sai garken ya cika ya batse, sannan yunwa ta kashe dubbai a shekarun 1920. Masana irin su Aldo Leopold, wanda ya wallafa littafinsa a kan kula da namun farauta a 1933, sun yi ta kafa hujja da wannan labari.

Darasin ba baƙo ba ne ga wanda ya san kiwo: kowane fili yana da iyakar bakin da zai iya ciyarwa. Idan aka wuce iyakar, alamun suna bayyana. Za ka shiga daji ka ga duk ganyen da ke ƙasa da tsayin mutum an cinye shi, kamar an bi da almakashi. Itatuwa ba sa samun magada, domin duk tsiron da ya leƙo ana cinye shi. Tsuntsayen da ke sheƙa a ƙananan bishiyoyi su ragu. Su kansu bareyin su rame, mata su koma haihuwar ɗa ɗaya, ƙahon maza ya ƙanƙance.

Gonar bareyi

A dokar Amurka naman daji ba na mai fili ba ne. Na jama'a ne, jiha ce ke riƙe da amanarsa. Saboda haka ko a cikin filinka sai ka bi lokacin farauta da adadin da hukuma ta yanka. Abin da mai fili yake da iko a kansa shi ne ƙasa da abin da ke tsirowa a kanta, kuma daga nan ne noman bareyi ya samo asali. A jihar Teksas, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙasar ke hannun masu zaman kansu, hayar fili ga mafarauta babbar hanyar samun kuɗi ce ga masu garken shanu.

Barewa babba tana cin kimanin kilo biyu zuwa uku na abinci a rana, galibi ganyaye da tohon itace da ƙananan tsirrai da ƴaƴan itatuwa. Ba ta dogara da ciyawa kamar saniya. Don namiji ya yi ƙaho mai kyau, mace kuma ta yi nono isasshe, masana suna ba da shawarar abincin ya ƙunshi sinadarin gina jiki wajen kashi 16 cikin ɗari. Daji yana ba da haka a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da komai ke toho. Amma akwai lokutan ƙunci biyu: ƙarshen zafi, wajen Agusta da Satumba, sa'ad da ganye ya tsufa ya yi tauri, da kuma ƙarshen sanyi, wajen Fabrairu da Maris. Amfanin gona shi ne ta toshe waɗannan giɓi biyu.

Dalili ke nan ake yin shuka iri biyu. Ta lokacin zafi ita ce waken soya da wake da dawa da masara. A nan akwai abin lura: waken da mafarautan kudancin Amurka suke shuka wa bareyi, wakenmu ne na gida, wanda asalinsa Afirka ne, ya ƙetare teku a zamanin cinikin bayi. Sun so shi ne saboda abin da manominmu ya so shi, wato yana jure fari da ƙasa marar ƙarfi. Ta lokacin sanyi kuwa ita ce alkama da danginta, da wasu ganyaye dangin kabeji, da kuloba, wata ƴar ciyawa mai ganye uku dangin wake, wadda idan aka kula da ita takan yi shekaru ba a sake shuka ta ba.

Aikin yana farawa da gwajin ƙasa. Ƙasar daji a gabashin Amurka yawanci tana da tsami, kuma taki ba ya aiki sosai a ƙasa mai tsami. Ana son ma'aunin pH ya tsaya tsakanin 6 da 7, don haka sai a watsa niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, wanda yakan ɗauki watanni kafin ya gyara ta. Wanda ya tsallake wannan mataki ya sayi iri mai tsada da hoton ƙaton ƙaho a jikin buhu, ya yi asarar kuɗinsa. Game da girma, shawarar da aka saba bayarwa ita ce gonakin su ci daga kashi ɗaya zuwa kashi biyar cikin ɗari na filin. Sauran duk daji ne, kuma can ne mafi yawan abincin yake. Shi ya sa masana da dama suke ganin rage cunkoson manyan itatuwa don rana ta taɓa ƙasa, da sa wuta bisa tsari, sun fi noma arha da amfani.

Akwai wata dabara mai sauƙi da ke faɗa wa mai gona gaskiya. Yana kafa ƴar kejin waya a tsakiyar shukar, yadda barewa ba za ta iya sa baki ciki ba. Bayan ƴan makonni ya dawo ya duba. Idan na cikin keji ya kai gwiwa, na waje kuma an cinye shi har ƙasa, to laifin ba na iri ba ne, ba kuma na ruwan sama ba. Bakuna ne suka yi yawa. Ƙaramar gonar wake a wuri irin wannan ba ta ma kai wa ga yin reshe, sai in an kewaye ta da wayar lantarki har ta yi ƙarfi.

Batun harbin mace

Nan ne wahalar take. Namiji ɗaya yana iya bin mata da yawa a lokacin barbara, wanda a jihohin arewa yakan kama watan Nuwamba. Ko an harbe yawancin maza, kusan duk mata za su ɗauki ciki. Wato yawan garke a hannun mata yake, kuma ba a rage shi sai an harbi mata. Ƙara abinci ba tare da haka ba, ƙara haihuwa ne kawai. Amma mafarautan da suka gaji hanin kakanninsu suna ganin kashe mace abin kunya ne.

A 1975 wasu masana biyu na Teksas, Al Brothers da Murphy Ray, suka wallafa littafin da ya juya tunanin mutane: a harbi mata daidai gwargwado, a bar ƙananan maza su girma, domin namiji ba ya kai cikar ƙahonsa sai ya shekara biyar ko shida. A 1988 Joe Hamilton ya kafa ƙungiya a Karolina ta Kudu don yaɗa wannan tsari, wadda a 2020 ta haɗe da wata suka zama ƙungiyar bareyi ta ƙasa. Gwaji mafi zafi ya faru a Fensilfaniya. A can, kusan kashi 80 cikin ɗari na mazan da ake harbewa ba su wuce shekara ɗaya da rabi ba. Masanin da hukumar farautar jihar ta ɗora wa aikin a 1999, Gary Alt, ya zagaye jihar yana yi wa mafarauta bayani, wani lokaci sanye da rigar sulke saboda barazana. A 2002 aka sa doka cewa ba a harbin namiji sai yana da tsini uku a ƙaho ɗaya, a wasu yankuna huɗu, aka kuma ƙara lasisin harbin mata. Garken ya ragu, manyan maza suka ƙaru, mafarauta da yawa suka fusata don ba sa ganin bareyi kamar da. Alt ya ajiye aiki a ƙarshen 2004. A ganina ƙorafin mafarautan ba na banza ba ne, domin wanda ya kwana cikin sanyi bai ga komai ba ba zai ji daɗin lissafin masana ba. Sai dai dajin da suke farauta a ciki ba zai iya ɗaukar garken da suke so ba.

Mai fili da ke bin wannan tsari yana ajiye lissafi. Duk barewar da aka harbe ana auna nauyinta, a cire muƙamuƙinta a duba haƙora don sanin shekarunta, a duba ko macen tana shayarwa. Ana kuma ɗaure kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu, kimanin ɗaya a kowace hekta 40, na tsawon mako biyu, a gane kowane namiji ta siffar ƙahonsa, daga nan a ƙiyasta sauran. Kuma da yake namiji yakan yi yawo a fili mai faɗin ɗaruruwan hekta, wanda ke da hekta 30 ba zai iya shi kaɗai ba. In ya ƙyale ƙaramin namiji ya wuce, maƙwabci na iya harbe shi da yamma. Shi ya sa maƙwabta suke haɗa kai su amince da ƙa'ida ɗaya.

Cutar da ta sauya lissafi

A 1967 aka fara lura da wata cuta a cikin bareyin da ke tsare a wata cibiyar bincike ta jihar Kolorado. Tana lalata ƙwaƙwalwa, dabba ta rame, ta riƙa dalalar da miyau, ta mutu. Dangin cutar haukan shanu ce, ba ta da magani ko rigakafi, kuma abin da ke haddasa ta yana zama cikin ƙasa shekaru. A 2002 aka same ta a bareyin daji na Wiskonsin, yanzu kuma ta bayyana a fiye da jihohi 30, da wasu lardunan Kanada. Tana yaɗuwa ta miyau da fitsari da kashi, don haka duk abin da ke tara bareyi baki da baki yana taimaka mata. Saboda haka jihohi da dama suka hana zuba tulin masara ko ajiye gishiri a yankunan da cutar ta shiga, amma suka bar gonar da aka shuka, bisa hujjar cewa a gona dabbobi suna warwatsuwa. Har yanzu ana gardama a kan ƙaramar gona mai faɗin filin ƙwallo, wadda bareyi ashirin ke taruwa a cikinta kowace yamma, ko ta bambanta da tulin masara ƙwarai. A yankunan cutar ma wasu jihohi, irin su Mizuri, sun janye dokar barin ƙananan maza, domin bincike ya nuna cutar ta fi yawa a cikin manyan maza, ƙananan kuma su ne suke barin mahaifarsu su kai ta nesa.