Asirin Masu Faɗin Adadin Da Ke Cikin Zuciya

A kasuwa ko tashar mota akan ga wani ya tara jama'a, ya dubi mutum guda ya ce, "Malam, riƙe wani adadi a zuciyarka, kada ka faɗa. Riɓanya shi biyu. Ƙara goma. Raba biyu. Ɗebe adadinka na farko. Saura biyar, ko ba haka ba?" Sai mutum ya riƙe baki. Daga nan mai wasan zai ce yana ganin abin da ke cikin zukata, a kawo kuɗi ya faɗi wanda ya sace kaya. Dukiya ta salwanta, a kuma zargi wanda bai ji ba bai gani ba. Alhali kuwa hisabi ne tsantsa, kuma iri biyu ne.

Iri na farko shi ne wanda ya gabata. A ƙaddara adadin nan buhun goro ne a ɗaure, ba wanda ya san abin da ke ciki. Riɓanyawa ta mai da shi buhu 2. Aka ƙara goro 10. Da aka raba biyu, ya zama buhu 1 da goro 5. Aka ɗauke buhun, sai goro 5. Ashe mai wasan bai san abin da ke cikin buhu ba, rabin goman da ya bayar da bakinsa ya karɓa. Da 14 ya ce a ƙara, da amsa ta zama 7. Mai son ya gwada shi ya tambaye shi adadin farko, zai ga ya yi shiru.

Wannan buhu shi ne abin da Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya kira shai'un, watau abu, cikin littafinsa na Aljabru wal Muƙabala, wanda ya wallafa a Bagadaza wajen shekara ta 820 ta Miladiyya, zamanin Halifa Ma'amun. Babban sashe na littafin nan kuwa a kan wasiyya da rabon gado yake.

Iri na biyu ya fi zurfi, domin a cikinsa ana faɗin adadin kansa. Akan ce mutum ya riƙe adadin da bai wuce 100 ba, ya kasa shi uku-uku ya faɗi saura, sa'an nan biyar-biyar, sa'an nan bakwai-bakwai. Mai hisabi ya buga saura na farko sau 70, na biyu sau 21, na uku sau 15, ya tara. In jimla ta wuce 105 ya yi ta ɗebe 105 har ta kasa haka. Misali, wanda ya riƙe 52 zai ce saura 1, da 2, da 3. Watau 70 da 42 da 45, jimla 157. A ɗebe 105, sai ga 52.

Dalili shi ne, 70 tana rabuwa ga 5 da 7 daidai, amma ga 3 tana barin ɗaya. Haka 21 ga 5 kaɗai take barin ɗaya, 15 kuwa ga 7. Ita 105 kuma ita ce 3 sau 5 sau 7, saboda haka daga 1 zuwa 105 babu adadi biyu masu saura iri ɗaya a kashi ukun nan. Mai adadi shi ya tona kansa da bakinsa bai sani ba.

Ƙa'idar nan tana cikin littafin Sunzi na ƙasar Sin, wanda aka rubuta tsakanin ƙarni na 3 da na 5. Leonardo mutumin Pisa, wanda ya koyi hisabi a Bijaya ta ƙasar Aljeriya, shi ma ya kawo ta a littafinsa na 1202.

To, malami ya koya wa almajirai don kaifin ƙwaƙwalwa, ɗan kasuwa ya riƙe don tsaron aljihunsa. Wanda ya ce sai an yi masa lissafi kafin ya karanta zuciya, lissafin yake karantawa. Sirrin zukata kuwa sai Allah.