Idan na'ura ce za ta yi gargaɗin ambaliya a Haɗejiya, wa ke duba umarnin da aka rubuta mata?

Ruwan da ke cinye gonakin shinkafa a Auyo da Kafin Hausa da Guri ba a nan yake farowa ba. Kogin Haɗejiya haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa, kuma kowannensu akwai madatsa a kansa: ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa, a 1992. Ga kuma ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasa. Saboda haka gargaɗi mai amfani sai an tattaro shi daga wurare da yawa: hasashen ruwan sama na NiMet, hasashen ambaliya na shekara da NIHSA ke fitarwa, da labarin sakin ruwa daga Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are.

Irin wannan tattarawa ce kamfanonin fasaha ke cewa ƙirƙirarriyar basira za ta yi. Abin da suke tallatawa yanzu ya wuce manhajar hira. Ɗan aike ne da ke ɗaukar kayan aiki da kansa, ya leƙa rumbun bayanai, ya yi lissafi, ya tura saƙo. Sai dai wannan ɗan aike ba ya ganin cikin kayan aikin. Abin da ake miƙa masa shi ne suna, da 'yan jimlolin da wani mai rubuta manhaja ya tsara, da jerin bayanan da za a shigar. Ƙa'idar MCP, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, a kan wannan tsari ta ginu. Da waɗannan jimloli yake yanke shawarar abin da zai ɗauka da lokacin da zai ɗauke shi.

A ce an rubuta wa wani kayan aiki bayani kamar haka: "Yana kawo bayanan ruwa na Haɗejiya." Wace Haɗejiya? Gari ne, ƙaramar hukuma ce, kogi ne, kuma masarauta ce mai ƙananan hukumomi takwas. Manomin Kiri Kasamma zai iya samun amsar da ta shafi cikin gari, ya kwanta da kwanciyar hankali. Sannan wane ruwa? Zurfin kogi da mita ake auna shi, ƙarfin kwararsa kuwa da yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, ruwan sama da milimita. Idan bayanin bai faɗi ma'auni ba, ɗan aiken zai yi zato, ya kuma faɗi zaton nasa da cikakkiyar murya. Haka nan dole a bambance abin da aka auna a bakin kogi yau da safe da hasashen kwamfuta irin na Flood Hub na Google, wanda ke hango har kwana bakwai gaba.

Mafi haɗari a ganina shi ne amsar da ta dawo babu komai. Ma'auni na iya lalacewa, ko ma'aikaci bai aiko da rahoto ba. Bayani nagari zai rubuta ɓaro-ɓaro cewa rashin adadi yana nufin ba a samu rahoto ba, kuma kada a fassara shi da cewa babu haɗari. Jimla ɗaya ce, amma a watan Satumba, kamar na 2022 da ruwa ya mamaye sassan Jigawa, ita za ta raba tsakanin a kwashe hatsi da a bar shi a rumbu.

Sai iyakar iko. Kayan aikin da ke karanta adadi daban, wanda ke tura saƙon gaggawa ga dubban wayoyi daban, kuma bayanin na biyun ya kamata ya ce sai jami'i ya amince. Gargaɗin ƙarya sau biyu ya isa mutane su daina saurare.

Auna ingancin bayanin ba ya buƙatar digiri a kwamfuta. A miƙa shi ga sabon ma'aikaci da bai taɓa ganin manhajar ba. Idan ya yi tambaya, to na'urar ma tana da wannan giɓin, illa dai ita sau da yawa ba za ta tambaya ba. Bayan haka a tara tambayoyin gaske, yadda manomi ko masunci zai yi su da Hausa, a jarraba su sau da yawa, a ƙirga sau nawa ɗan aiken ya ɗauki kayan da ya dace, ya shigar da wurin da ya dace. A canza kalma ɗaya a bayanin, a sake jarrabawa.

Duk ranar da wata hukuma ta sayi irin wannan tsari da kuɗin jama'a, waɗannan jimloli da sakamakon jarrabawarsu takardun gwamnati ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman irinsu daga hukumomin tarayya, NIHSA da NEMA na ciki, kuma ta ba su kwana bakwai su amsa.